Ganyen Kwakwa a Hanyar Kan Rafi

Litinin, 2 ga Oktoba, da hantsi

Wata biyar ke nan ba ruwan sama. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zan yarda. Wannan littafin 'yata Arieta ce ta bar mini da za ta koma aikinta na asibiti a Suva, wai in riƙa rubuta dashen da ya kama da wanda ya mutu. To ga shi ina rubutu, sai dai ba abin da ta ce ba.

Ƙauyenmu Waisau ya zama abin tausayi. Rafin da muke shiga har wuya, yau akuya ma tsallake shi take ba ta jiƙa ƙafa ba. Abin da ya rage shi ne ɗan ruwan da yake tsatsowa daga kan rafi, can saman tudu, shi muke rabawa da mutanen Matasau na gangare. Kwana uku a karkata dutsen rabo ruwa ya bi gonakin gwazarmu, kwana uku ya bi nasu. Mijina Sakiusa, Baban Arieta, shi ne mai karkata dutsen, shekara talatin da ɗaya ke nan. Kafin shi babansa ne.

Shi ne kuma ya ɗaura ganyen kwakwa a sanda a bakin hanyar kan rafi bara waccan, bayan gobarar da ta cinye dajin. Daga sandar nan zuwa sama ba sara, ba wuta, ba kiwo. Gidansu kaɗai ke ɗaura ganyen, gidansu kaɗai ke kwance shi. Mu mata muka bi toka muka dasa itatuwan ivi ɗari shida don su riƙe mana ƙasa da ruwa, muna hawa da jarkoki a baya har kafaɗa ta kumbura. Yanzu sun kawo mini ƙugu. Ni ce shugabar dashe, ba don na fi kowa sani ba, don na fi kowa baki ne.

Baban Arieta ya ci abinci sosai yau.

Laraba, 4 ga Oktoba, da yamma

Apakuki ya hau mana daga Matasau a kan wannan tsohon dokin nasa. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba.

Tun daga ƙofa ya fara. "Gajeriya! Har yanzu ba ki girma ba? Na ce ko ruwan da kuke hana mu sha kike don ki yi tsawo."

Na ce, "Kai da ka kwashe tsawon dangi gaba ɗaya, me ka yi da shi? Ko kwakwa ɗaya ka taɓa tsinko mini?"

Ya ce, "In tsinko miki in ba ki da me? Sai na kwanta a ƙasa sannan hannuna zai kai gare ki."

Ranar da aka ɗaura ganye shi kaɗai ya yi gardama a taro, wai ina dokinsa zai yi kiwo. Har yau in ya ga dashenmu sai ya ce ga tsintsiyoyin Torika, wato ni. Amma ban manta ba, jarka ashirin ya hau mana da su a dokin nan lokacin da ƙafata ta gurɗe.

Baban Arieta ya ce shi zai haɗa wa baƙo shayi. Ya haɗa, ya kawo da hannu biyu. Apakuki ya kurɓa, ya ɗago ya dube ni, sannan ya shanye tas ya ce a ƙara. Da suka fita na ɗanɗana abin da ya rage a buta. Gishiri ne.

Gwangwanayen biyu kamarsu ɗaya, kowa zai iya yin kuskure. Na canza wa gishirin wuri.

Jumma'a, 6 ga Oktoba, da rana

Ba ruwa. Ya ci abinci.

Asabar, 7 ga Oktoba, da la'asar

An sare mana ivi goma sha huɗu.

Mun hau da jarkoki mu bakwai, sai muka tarar da sandar a kwance a gefen hanya. Muka ƙara gaba muka ga abin. Matar mai gari ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa na zazzage duk zagin da na sani, har da wanda na manta na iya. Shekara biyu ina shayar da su kamar jarirai! Akwai wanda na ɗaura wa tsumman zanena don iska tana kayar da shi, yana cikin waɗanda aka sare.

Da na gaji da zagi sai na duba da kyau. Saran mai tsabta ne, sau ɗaya, a karkace. An tattara rassan an jera su gefe guda kamar mai sharar gona. Ganyen kwakwar kuma ba yaga shi aka yi ba, kwance shi aka yi, aka ninke shi uku, aka ɗora masa dutse don kada iska ta ɗauka.

Daga nan ban sake zagi ba.

Mai gari Eroni ya zo gida ya gaya wa Baban Arieta. Ya miƙe tsaye ya ce, "Wane marar kunya ne zai taɓa ganyen da na ɗaura?" Ya yanko sabon ganye, ya hau da kansa, ya kafa sanda ya ɗaura a gaban kowa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, kuma ɓacin ran na gaskiya ne.

Litinin, 9 ga Oktoba, da sassafe

Na wanke addarsa. Ba don komai ba, datti ta yi.

Ruwan ivi ja ne in ya bushe, kuma da wuyar fita. Sai da na sa toka.

Laraba, 11 ga Oktoba, da yamma

Ina fere rogo ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Unaisi, ɗaure mini abincin Baba. Yana jira a gona, ciyawa ta cinye wurin."

Unaisi yayarsa ce, bana shekararta ashirin a ƙasa. Babansu ya riga ta da daɗewa. Gonar da yake nufi ta yangona ce, saiwar nan da ake dakawa a dama a sha a taro, wadda tsohon ya yi a kan rafi tun muna yara, daidai inda muka yi dashe.

Na ce, "To, zauna ka sha shayi tukuna." Ya zauna. Kafin ya shanye ya ce, "Torika, rogon nan na wace gona ne? Ya yi kyau." Na ce na gonarka ne, ya yi dariya, ya ce ai ya sani, gwada ni yake.

Arieta ta bugo waya. "Mama, yaya Baba?" Na ce lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci sosai. Ta ce, "Mama, ba abinci na tambaye ki ba." Na ce waya ba ta ji, kin san tudun nan.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan an tashi coci

Fasto ya yi addu'ar ruwa har gwiwoyina suka sage. Baban Arieta ya rera waƙa huɗu ba littafi a hannunsa, ko kalma ɗaya bai ɓata ba, da wannan babbar muryar tasa da take sa katakon benci rawa. Na juya na kalle shi daga ɓangaren mata kamar yarinya. Matar mai gari ta zungure ni ta ce, "Haba Torika, a cikin coci?"

In kalla mana, nawa ne.

Shekara talatin da takwas da suka wuce, mutumin nan ya zo ƙofar gidanmu da jatan lande na Waisau ƙunshe a ganye. Ya ajiye a gabana, ya buɗe baki, ya rufe, ya juya ya tafi. Sau biyar yana yin haka. A na shida na ce masa, "Malam, in magana za ka yi ka yi, in kuwa kiwata kake don yanka ka faɗa." Ranar ya fara yi mini dariya. Apakuki yana kan bishiya yana leƙenmu, shi ya kai labari gari kafin mu tashi daga wurin.

Ina son mutumin nan. Ban san me ya sa sai yanzu nake jin sai na rubuta ba.

Talata, 17 ga Oktoba, da rana

Na ɓoye addar a ƙarƙashin tabarmin baƙi. Ya nema tun safe, ya ɗaga tukwane, ya leƙa akurkin kaji. Daga baya ya zauna a bakin ƙofa hannayensa a kan gwiwa, ya ce, "Namiji ba adda." Ya ƙi cin abinci.

Na kusa fito masa da ita. Ban fito da ita ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da la'asar

Na tafi ɗibar ruwa, layi ya yi tsawo. Na dawo ba shi, tabarmin baƙi kuma a warwatse.

Da rana tsaka sai ga Apakuki yana jan doki, Baban Arieta a kai, addar a hannun Apakuki, ja har ƙota. Ya sauke shi a hankali ya ce, "Ga angonki, Gajeriya, na tsince shi a hanya yana shan iska." Ya miƙo mini addar ba tare da ya dube ni ba. Na karɓa, ban ce na gode ba.

Amma rabin gari sun gan su suna saukowa. Samari suka hau suka dawo da labari: ivi talatin da ɗaya, sanda a kwance, sawun doki har can sama inda doki ba ya zuwa. Hawan Baban Arieta bai dami kowa ba, shi ne mai dutse, kullum yana hawa. Mai gari ya durƙusa a gabansa ya ce, "Yaya, me ka gani a can?"

Ya ce, "Na ga Apakuki da adda."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya tuna ke nan.

Ya sake hawa da su ya ɗaura sabon ganye. Ni na shiga madafa na zauna a kan turmi.

Asabar, 21 ga Oktoba, da yamma

An buga gangar katako, ƙauyuka biyu suka taru a babban zaure. Mu mata muna baya kusa da ƙofa kamar kullum.

Aka tuna wa kowa cewa Apakuki ne ya yi gardamar ganye tun farko. Mai gari ya ce masa, "Kai ne?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ce ni ne ba." Ya ce, "To ba kai ba ne?" Ya ce, "Wannan ma ban faɗa ba." Mutane suka ɗauki surutu. Wani ya ce har yanzu wasa yake da mu.

Hukunci: a toshe magudanar gonarsa da laka daga yau. Ba za a buɗe ba sai ya kawo saiwar yangona gaban taro ya faɗi laifinsa da bakinsa ya roƙi gafara. Kowa ya san ba a ƙarya a kan yangona, wanda ya yi, shi da 'ya'yansa za su gani. Wato ba zai iya roƙon gafarar abin da bai yi ba, kuma ya ƙi faɗin wanda ya yi. Gonar gwazar nan ita ce cin gidansa, mutum tara. A wannan zafin rana, gwaza ba ruwa ba za ta wuce mako uku ba.

Kalma huɗu zan faɗa a buɗe masa ruwa. Ina zaune ina kallon bayan wuyan mijina a sahun manya, ya miƙe zaune kamar yadda ya saba, ana kawo masa ƙoƙo na biyu bayan mai gari. Ban faɗa ba.

Da za a fita Apakuki ya wuce ta gabana ya ce, "Matsa, Gajeriya, kada in taka ki ban sani ba."

Litinin, 23 ga Oktoba, da rana

Ba ruwa. Ya ci abinci. Ni ban ci ba.

Laraba, 25 ga Oktoba, da la'asar

Na bar shi wurin matar mai gari, na ce zan je gaida wata mara lafiya. Ba ta tambaye ni wace ce ba. Na gangara Matasau da jarka ɗaya a baya.

Laka ta fara tsagewa a gonar, ganyayen sun sunkuyar da kai. Apakuki yana zaune a kan kunya. Da ya ga jarkar sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wannan na wanke fuska ne ko na gona?"

Na ce, "Apakuki, ka bar wasa. Me ya sa ka yi shiru?"

Ya ce, "Ke me ya sa kika yi?"

Na zauna a gefensa.

Can ya ce, "Kin san dokar. In baƙon hannu ya kwance ganye, laifi ne, haramci yana nan. In hannun da ya ɗaura ne ya kwance, an kwance ke nan. Masu shanu jira suke, shanunsu ƙashi da fata. Ranar da suka ji wanda ya kwance, kafin yamma sun kora su sama, tsintsiyoyinki sun zama abincin dare."

Na ce, "Kai da ba ka son ganyen?"

Ya ce, "Ba na sonsa. Amma na ga inda kuka dasa ƙasa tana da danshi, inda ba ku dasa ba ta zama gari. Ni dogo ne, ba makaho ba." Ya tsinki wani busasshen ganye yana murzawa. "Kuma na same shi yana sara yana waƙa, Torika. Ya ce mini, ƙane, zo ka taya ni, Baba zai zo duba aiki. Mutumin da ya raba mana ruwa shekara talatin bai taɓa cutar kowa da rabin yini ba. In tsaya gaban yara in ce me?"

Ya kira ni Torika. Ban tuna ranar da ya taɓa kirana da sunana ba.

Na juye masa jarkar a gindin gwaza uku. Ƙasa ta shanye kafin in miƙe.

Jumma'a, 27 ga Oktoba, da hantsi

Yanzu tare muke hawa wurin dutsen rabo, na ce masa likita ya ce in riƙa tafiya. Yau ya tsaya a gaban dutsen ya daɗe, hannunsa a kai. Na ce kamar ina hira, "Kai, mutanen Matasau za su ji daɗi yau." Sai ya karkata shi ɓangarensu.

A hanyar dawowa ya tsaya ya riƙe hannuna. Idonsa tar, irin na da.

Ya ce, "Torika, akwai abin da yake zube mini, ina ji. In na yi ɓarna ki gaya mini. Kada ki rufe ni."

Na ce, "Wace irin ɓarna kuma? Mu je, rana tana yi."

Ƙarya na yi masa a fuskarsa. Shekara talatin da takwas ban taɓa ba, sai a kan kuɗin gyaran gashi.

Lahadi, 29 ga Oktoba, da yamma

Na bugo wa Arieta da kaina. Na ce ta nemi hutu ta zo. Ba ta tambayi dalili ba, kuka kawai ta yi, ni kuma na yi mata faɗa don kada in taya ta.

Talata, 31 ga Oktoba, da rana

Matar Apakuki ta wuce ni a wurin ɗibar ruwa, na gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Rabin gonarmu ta yi rawaya." Ashe ta sani. Ashe kwana goma tana kallon gonarta tana mutuwa, ta san sunan da za ta faɗa, ta haɗiye.

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ina tattalin mutuncin mijina da abincin jikokin wata.

Na je bayan gida na tone yangonar da Baban Arieta ya shuka shekara biyar da suka wuce, wadda yake cewa ta bikin Arieta ce. Na wanke saiwoyin, na shanya a kan kwanon ɗaki. Ya fito ya gani ya ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To wa za mu roƙa?" Na ce zan gaya maka.

Wannan ranar ko ba ta yi komai ba ta iya busar da saiwa.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Zan rubuta duka, ko hannu zai gaji.

Na roƙi mai gari ya sa a buga ganga. Aka taru, kowa yana zaton Apakuki ne ya sauko. Mace ba ta miƙa yangona a zaure, sai ta sami namiji ya yi magana a madadinta, ni kuwa ban nemi kowa ba, don ban san wanda zan fara gaya wa ba. Na ɗauki ƙunshin daga bakin ƙofa, na ja gwiwa a kan tabarma ta tsakiyar maza har gaban mai gari. Na isa, na riƙe ƙunshin, na rasa abin yi.

Sai na ji an karɓe shi daga hannuna.

Baban Arieta ne. Ya taso daga sahun manya ya durƙusa a gefena, ya ɗora hannu biyu a kan ƙunshin, ya yi gyaran murya, ya fara. Ya ambaci ƙasa da masu ita, ya ambaci gidajen ƙauyukan biyu ɗaya bayan ɗaya, da kakanninsu, da rafin tun daga kansa har inda ya faɗa babban kogi. Mutumin da jiya ya tambaye ni ina muke ajiye cokali! Ko tuntuɓe bai yi ba. Tsofaffi suna amsawa, wasu sun rufe ido.

Da ya zo inda ake faɗin laifi sai ya tsaya. Ya juyo ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Laifin wa muke roƙo, Torika?"

Na ce, "Namu ne, Baban Arieta. Mu muka kwance ganye, mu muka sare ivi."

Ya ce, "Mu?"

Na ce, "Mu. Ka ce in gaya maka."

Ya dubi hannayensa, ya juya su. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai ya faɗa da babbar muryar nan, cewa hannun da aka ba amanar kan rafi shi ya yi ɓarna a kan rafi, ga shi ya kawo kansa. Hawaye na bin gemunsa amma muryar ba ta karye ba.

Daga nan na faɗa musu abin da ban rubuta a littafin nan ba. Na faɗi ciwon mantuwarsa da sunansa, tun daga gishiri.

Wani mai shanu daga baya ya ce, "To in shi ya kwance, ai an kwance ke nan." Mai gari ya ce, "Gaskiyarka, an kwance, har sau biyu. To wa ya hau ya sake ɗaurawa duka sau biyun, kana tsaye kana kallo?" Mutumin ya sosa ƙeya. Wata tsohuwa ta ce daga ƙofa, "Zauna, ɗan nan, shanunka ma sun fi ka kunya." Aka yi dariya, irin wadda take fitowa da majina.

Mai gari ya ɗora hannu a kan ƙunshin ya karɓa, aka yi tafi uku. Aka daka saiwar aka dama. Ƙoƙon farko nasa ne bisa al'ada, amma ya ce a kai wa Apakuki, ya ce, "Mun toshe wa mai gaskiya ruwa, mu ma muna roƙo." Apakuki ya shanye, ya goge baki, ya ce, "Madalla, wannan dai ba gishiri."

Samari suka ruga da fartanya don fasa lakar tun ba a tashi ba. A bakin ƙofa matar mai gari ta rungume ni ta ce, "Sakarya, kina tsammani ba mu da ido? Jira muke ki ba mu izinin taimaka miki." Matar Apakuki ba ta rungume ni ba. Ta ce, "Kin daɗe." Na ce na sani.

A hanyar gida ya ce mini, "Taron ya yi kyau. Allah ya sa a yafe wa mutumin." Na ce an yafe masa.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da yamma

Fiye da rabin gwazar Apakuki ta tafi. Mu mata goma sha biyu muka gangara da 'ya'yan gwaza daga gonakinmu, muka dasa tun safe. Ni na kai duk na gonar bayan coci. Matarsa ta dafa mana rogo da ganye, ta zuba mini da kanta, ta cika kwanon.

Arieta za ta iso Asabar. Za mu kai shi asibiti ya ga likita, in ta ce a kwana a kwana.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Ba ruwa har yanzu. Rediyo ya ce wataƙila ƙarshen wata.

Taro ya yanke cewa dutse da ganye suna hannun Baban Arieta muddin yana iya hawa, sai dai ba zai hau shi kaɗai ba. Apakuki ya ce shi zai riƙa raka shi, tunda an riga an san sawun dokinsa. Yau da sassafe ya zo da dashen ivi goma a buhu, da sandar haƙa mai tsini. Ya ce, "Yaya, ara mini addarka, tawa ta dakushe, riƙe mini wannan." Haka aka yi musayar ba rigima. Ni kwana nawa ina ɓoye adda a ƙarƙashin tabarma, wannan dogon banzan ya gama da magana ɗaya.

Na bi su da jarka. A bakin hanya Baban Arieta ya kwance ganyen jiya, ya ninke shi uku, ya ɗora masa dutse. Apakuki ya miƙa masa sabo, ya ɗaura, ya ja ƙullin ya gwada. Muka wuce.

Ya haƙa rami goma a gefen kututturen da ya sare, daidai zurfinsu, ba wanda ya nuna masa. Da ya gama ya miƙe yana kallon sauran ivin, ɗari biyar da wani abu, suna kaɗawa har bakin tsatson ruwa.

Ya ce mini, "Baiwar Allah, wa ya dasa waɗannan?"

Na ce, "Mata ne. Matarka ce shugabarsu."

Ya ce, "Matata?" Ya sake duban tudun tun daga ƙasa har sama, ya gyaɗa kai. "Ashe na iya zaɓe."

Apakuki ya buɗe baki zai yi magana, na ce in ka ce tak sai na juye maka jarkar nan a ka. Ya ce ai sai na sami tsani.

Baban Arieta ya karɓi jarkar daga bayana, ya ce bai kamata mace ta ɗauki kaya maza suna tsaye ba, matarsa ma ba ya bari. Ya bi dashen ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu, kaɗan-kaɗan, don ya isa.